TUN RAN GINI, RAN ZANE: YADDA ZA A KAFA GONAR HASKEN RANA BA TARE DA AN KASHE ƘASA BA

A cikin watan Oktoba na shekarar 2024, yawancin jihohin Arewacin ƙasar nan sun shafe fiye da mako guda a cikin duhu, bayan da manyan layukan da ke kawo wutar lantarki wannan sashe suka lalace. Masu niƙa suka rufe injinansu, masu walda suka zauna zaman kashe wando, asibitoci kuwa suka koma dogara ga janareto da man da kullum kuɗinsa ke hauhawa. Tun daga wannan lokaci, duk inda aka zauna ana zancen wuta, sai ka ji wani ya ce ai mafita tana bisa kawunanmu, watau ranar nan da Allah ya hore mana ita tun daga hantsi har zuwa la'asar sakaliya.

Wannan magana gaskiya ce. Tsakanin shekarar 2010 da 2020 kuɗin allunan da ke mayar da hasken rana lantarki ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari, har ya zamana a ƙasashe da yawa babu wata hanyar samun lantarki da ta fi wannan araha. A nan gida ma an soma. A watan Janairu na 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 10 a Ƙaramar Hukumar Kumbotso ta Jihar Kano. A wannan shekara kuma maƙwabtanmu na Nijar suka fara cin moriyar tasu mai megawat 30 a Gorou Banda, kusa da Yamai.

Sai dai akwai abu guda da ba a faye tsayawa a kansa ba. Ita irin wannan tasha ba ta shan mai, ba ta fitar da hayaƙi, amma tana cin fili. Ta Kumbotso, mai alluna fiye da 21,000, ta zauna ne a kan hekta 24, watau kowane megawat ɗaya ya ɗauki fiye da hekta biyu. Ta Bhadla da ke ƙasar Indiya, mai megawat 2,245, ta mamaye wajen eka 14,000. Shi ya sa ma ake kiran irin waɗannan tashoshi gonakin hasken rana. Da yake kuwa allunan sukan yi shekara 25 zuwa 30 suna aiki, duk filin da aka ba su an ba su shi ne na tsawon rayuwar yaro tun daga goyo har ya yi iyali. To, yaya ƙasar wannan fili za ta kasance a ran da aka kwance allunan? Amsar tana ga yadda aka tsara aikin tun kafin a kafa ƙarfen farko.

INDA ƁARNAR TAKE FITOWA

Kowane manomi ya san cewa albarkar gona tana cikin ƙasar nan ta sama ce, wadda kaurinta bai wuce taki ɗaya ko biyu na hannu ba. A cikinta ne ruɓaɓɓen ganye yake, da saiwoyi, da tana, da gara, da irin ciyayin da ke kwance suna jiran ruwan farko, da wasu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani amma su ne ke narkar da taki har shuka ta iya shansa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce akan ɗauki har shekara 1,000 kafin santimita biyu zuwa uku na irin wannan ƙasa su haɗu. Katafila kuwa cikin yini ɗaya take kankare ta.

Yadda 'yan kwangila da yawa suka saba yi ke nan. Sai a kawo katafila a tuge itatuwa, a sa gireda ta baje wurin ya zama kamar faranti, domin a ji daɗin jera ƙarafa. Manyan motoci su yi ta kai da kawo har ƙasa ta daddale ta zama fako, ruwan sama ya kasa ratsa ta. Daga nan wasu su zuba tsakuwa, wasu kuma su riƙa fesa maganin kashe ciyawa shekara da shekaru, domin kada wani tsiro ya taso ya kare allo.

Bugu da ƙari, shi allon kansa tamkar rufin kwano yake. Ruwan da a da yake sauka ko'ina a fili, yanzu sai ya taru ya zubo ta bakin allo a kan layi ɗaya. Duk wanda ya ga yadda indararo ke haƙa rami a gindin bango ya san abin da zai biyo baya idan ƙasar ba ta da ciyawar da za ta riƙe ta. Ramin yau shi ne kwazazzabon baɗi.

An ga haka a Jihar Jojiya ta ƙasar Amurka. Kusa da wani gari da ake kira Lumpkin, an share daji wajen eka 1,000 domin kafa gonar hasken rana, ba tare da an yi kyakkyawan tanadin tare ruwa ba. Da aka yi ruwan sama sai laka ta gangara ta cika wani tafkin maƙwabta wanda a da ake kamun kifi a cikinsa. Magana ta kai gaban kotu, kuma a shekarar 2023 aka yanke wa kamfanonin diyyar dala miliyan 135, ko da yake daga baya alƙali ya rage kuɗin ƙwarai. Abin lura shi ne allunan ba su yi laifin komai ba. Katafilar da ta riga su shiga ce ta jawo ɓarnar.

Maganin wannan kuwa sananne ne ga masana aikin. A kafa ƙarafan ta hanyar buga su cikin ƙasa kamar yadda ake kafa turke, maimakon haƙa rami a cika da kankare. A bar tudu da gangare yadda Allah ya yi su, a daidaita tsawon ƙarafan da su. Inda ciyawa ta yi tsawo a yanke ta, kada a tuge saiwarta. A keɓe wa motoci hanya ɗaya, a kuma hana su shiga idan ƙasa tana da laima. Inda kuwa ya zama dole a yi haƙa, kamar wurin binne waya, a ajiye ƙasar sama daban da ta ƙasa, a mayar da kowace mazauninta.

ZAƁEN FILI SHI NE RABIN AIKI

Akwai filin da duk dabarar da aka yi, kafa tasha a cikinsa hasara ce. A hamadar Mojave da ke Jihar Kalifoniya an gina wata babbar tasha mai suna Ivanpah, wadda aka buɗe a 2014. Mutane suna ganin hamada ce, ba kowa a cikinta, ashe gidan wani irin kunkuru ne da ya kusa ƙarewa a duniya. Aka tarar da kunkuran sun fi yadda aka zata yawa, har sai da aka tsayar da wani sashe na aikin a 2011, aka kuma kashe kuɗi masu yawa wajen kwashe su zuwa wani wuri. Ita wannan tasha madubai take amfani da su tana tara zafin rana a kan dogayen hasumiyoyi, kuma zafin nan ya riƙa babbake tsuntsayen da suka gitta.

A Jihar Rajastan ta Indiya, inda tashar Bhadla take, matsalar ta fito ne ta wajen wayoyin da ke kwashe wutar da tashoshin rana da na iska suke samarwa. Akwai wani babban tuje a can, ɗan'uwan tujen da muka sani a dazuzzukanmu, wanda nauyinsa yakan kai kilo 15. Ba ya hangen abin da ke gabansa sosai idan yana tafiya a sama, ga nauyin jiki, saboda haka sai ya yi karo da waya ya faɗo matacce. Waɗanda suka rage a duniya ba su wuce wajen 150 ba. A shekarar 2021 Kotun Ƙoli ta Indiya ta ba da umurnin a binne wayoyin a ƙarƙashin ƙasa a muhimman wuraren da tsuntsun yake zaune, sa'an nan a 2024 ta sassauta umurnin saboda tsadar aikin. Da an yi la'akari da tujen nan tun farko wajen shata hanyar waya, da ba a kai ga wannan ja-in-ja ba.

Idan muka dawo gida, ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san wuraren da ya kamata a kauce musu. Fadama ita ce rumbun rani, ba wurin kafa ƙarfe ba ce. Dausayin Haɗeja da Nguru masauki ne na dubban tsuntsayen da ke tasowa tun daga ƙasashen Turai kowace shekara. Burtali kuwa, duk wanda ya toshe shi da shingen waya ya shuka rigimar da ba shi ne zai girbe ta ba. Haka kuma gonakin da ke cike da gawo da ɗorawa da kaɗanya da kuka. A yankunan Maraɗi da Damagaram na ƙasar Nijar, tun daga wajen 1983 manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, watau barin kututturan itatuwa su sake tofo a cikin gona ana yi musu aski, har aka ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar. Ba ƙaramin abin takaici ba ne a ce an tuge irin wannan aiki na shekara arba'in da sunan kawo wuta mai tsabta.

Filin da ya dace shi ne wanda ya riga ya gaji: fakon da ko ƙarangiya ba ta tsira a kansa, da tsofaffin wuraren haƙar kuza irin na tsaunukan Jos, da wuraren da aka gama ɗibar ƙasar gini, da rufin kasuwanni da makarantu da masana'antu. A Jihar Gujarat ta Indiya, a shekarar 2012, an jera alluna a bisa magudanar ruwan noman rani, aka sami lantarki ba tare da an taɓa gonar kowa ba, inuwar kuma ta rage ruwan da rana ke shanyewa. Mu ma muna da irin waɗannan magudanai a Kadawa da Kura da Bakolori.

ABIN DA YA FARU A TALATAN

Wanda yake so ya ga yadda gonar hasken rana take iya raya mataccen fili, sai ya dubi Talatan, a gundumar Gonghe ta lardin Qinghai da ke yammacin ƙasar Sin. Wuri ne mai tudu, wajen mita 3,000 bisa teku, ga ƙarancin ruwan sama, ga iska mai ɗauke da rairayi. Fari da yawan kiwo sun cinye ciyawar wurin, har makiyaya suka koma tafiya mai nisa da dabbobinsu. A shekarar 2012 aka soma kafa alluna a can, aikin ya yi ta faɗaɗa har ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, a cikin filin da aka shata masa na murabba'in kilomita fiye da 600.

Lantarki kaɗai masu aikin suka je nema, amma bayan 'yan shekaru sai ga ciyawa ta rufe ƙarƙashin allunan. Dalilin ba boyayye ba ne. Layukan allunan sun karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasa da iri. Inuwarsu ta sa laima tana daɗewa. Ruwan da ake wanke ƙura da shi yana gangarowa ya jiƙa gindinsu. An kuma watsa irin ciyawa domin a danne rairayi. Bisa ga rahotannin hukumomin ƙasar, gudun iska a cikin gonar ya ragu da wajen rabi, ruwan da rana ke shanyewa daga ƙasa kuma ya ragu da wajen kashi 30 cikin ɗari.

Daga nan sai wata sabuwar matsala ta taso. Ciyawar ta yi tsawo har tana kare allunan, idan ta bushe da hunturu kuma ga haɗarin gobara. Ɗaukar ma'aikatan yanka yana da tsada, maganin feshi kuwa zai mayar da hannun agogo baya. Sai aka buɗe wa makiyayan yankin ƙofa su shigo da tumakinsu. Aka ɗaga sababbin allunan daga wajen rabin mita zuwa fiye da mita ɗaya domin tunkiya ta wuce ba tare da ta sunkuya ba, aka kuma ƙara faɗin tsakanin layuka. Ta haka dubban tumaki suka sami abinci kusa da gida, kamfani ya huta da yankan ciyawa, kashin tumakin kuma ya koma taki.

Mai karatu zai tambaya, don me tumaki kaɗai? Ai duk mai kiwo ya san halin akuya. Ba ta ganin tudu ta ƙyale, za ta haye allo, za ta kuma tauna waya. Saniya kuwa ta yi girma, idan ta sami ƙarfe sai ta yi susa da shi. Tunkiya ce mai sunkuyar da kai ta ci abin da ke gabanta, ta kwanta a inuwa idan rana ta take. Amma ko ita sai da ƙa'ida. Idan aka tara garken da ya fi ƙarfin fili, aka bar shi wuri ɗaya, za a koma gidan jiya. Shi ya sa masu wannan sana'a a ƙasashe irin su Amurka da Ostareliya suke yanka gonar kashi-kashi, a ci wannan sashe kwana kaɗan a matsa gaba, a bar shi ya huta ya sake tofo.

NOMA A ƘARƘASHIN ALLO

Tun a farkon shekarun 1980 wani masani Bajamushe mai suna Adolf Goetzberger, tare da abokin aikinsa Armin Zastrow, suka kawo shawarar cewa idan aka ɗaga alluna sama sosai aka kuma ba su tazara, ana iya yin noma a ƙarƙashinsu. An daɗe ba a kula da zancen ba, sai a 2016 cibiyar bincike ta Fraunhofer, wadda shi Goetzberger ya kafa sashenta na hasken rana, ta gwada abin a wata gona a Heggelbach da ke kudancin Jamus. Aka ɗaga alluna 720 har mita biyar, yadda motar girbi za ta wuce ta ƙarƙashinsu, aka shuka alkama da dankalin Turawa da wani kayan miya da ciyawar dabbobi.

A shekarar farko alkama da dankali sun ragu da wajen kashi 18 zuwa 19 cikin ɗari idan aka gwada da gonar da ke fili. Amma da aka haɗa lissafin amfanin gona da na lantarki, sai aka ga abin da hekta ɗaya ta bayar, da an raba aikin biyu sai an nemi fiye da hekta ɗaya da rabi. Da shekarar 2018 ta zo da zafi da fari a Turai, sai ga alkama da dankalin da ke cikin inuwa sun fi na fili yabanya. Wannan ya nuna cewa inda rana ta fi tsanani, a nan inuwar ta fi amfani.

Binciken da Farfesa Greg Barron-Gafford na Jami'ar Arizona ya buga a 2019 ya ƙara tabbatar da haka, domin shi a cikin hamada ya yi nasa gwajin. Wani irin ƙaramin barkono ya ba da ninki uku a ƙarƙashin alluna, tumatir kuma ninki biyu. Su ma allunan sun amfana. Allo ba ya son zafi, da zarar ya wuce digiri 25 sai ƙarfinsa ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Raɓar da ganyaye ke fitarwa ta sanyaya allunan da wajen digiri tara da rana, suka ƙara ba da wuta. A nan Afirka ma, a shekarar 2022 an buɗe irin wannan gona ta gwaji a gundumar Kajiado ta ƙasar Kenya tare da Jami'ar Sheffield ta Ingila, inda kabeji ya fi na fili girma, ana kuma tara ruwan saman da ya zubo daga allunan a tankuna domin ban-ruwa.

Duk da haka kada a ɗauka kowace shuka ce ke son inuwa. Gero da dawa 'ya'yan rana ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe gonar hatsi da alluna ba tare da an gwada an gani ba. Inda ake sa ran samun nasara a wajenmu shi ne kayan lambu na rani, irin su tumatir da tattasai da latas da alayyafo, waɗanda zafin watan Maris da Afrilu ke ƙonawa, da kuma ciyawar dabbobi. Wannan aiki ne da ya kamata cibiyoyinmu na binciken aikin gona, kamar ta Samaru da ke Zariya, su sa hannu a kansa.

ƘUDAN ZUMA DA TSUNTSAYE

Ko inda ba za a yi noma ko kiwo ba, abin da aka shuka a ƙarƙashin allo yana da muhimmanci. A shekarar 2016 Jihar Minesota ta Amurka ta kafa doka wadda ta shimfiɗa sharuɗɗan da gonar hasken rana za ta cika kafin ta kira kanta mai amfani ga ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke yi wa furanni barbara. Babban sharaɗin shi ne a shuka ciyayi da furanni 'yan asalin wurin. Masu bincike na cibiyar Argonne sun bi diddigin irin waɗannan gonaki guda biyu daga 2018 zuwa 2022, suka tarar yawan ƙwari ya ninka sau uku, ƙudan zuma na daji kuwa sun ninka sau ashirin. Har gonakin waken soya da ke maƙwabtaka sun sami ƙarin ziyarar ƙudan. A gabashin Ingila kuma, wani bincike da aka buga a 2025 ya nuna cewa gonakin hasken rana da aka bar wa shingen itatuwa da ciyayi iri-iri suna da tsuntsaye kusan ninki uku na gonakin hatsin da ke kewaye da su.

Dalilin da ya sa ake nacewa a kan ciyawa 'yar gida shi ne ita ce ta saba da ruwan wurin da farinsa, saiwarta tana nitsawa ta riƙe ƙasa, ƙwarin wurin kuma ita suka sani. A wajenmu ga kyasuwa da sauran gajerun ciyayi domin tsakanin layuka, ga gamba mai tsawo domin bakin shinge da bakin magudana inda ba za ta kare allo ba. Dabarun nan na tare ruwa da manoman Nijar da Barkina Faso suka ƙware a kansu, watau tassa da ramin rabin wata, za su yi amfani a daidai inda ruwan allo ke zuba. Mai amya kuma ya sami wurin ajiye amyarsa.

Shingen ma yana bukatar tunani. Dole ne a kewaye tasha saboda ɓarayi da kuma haɗarin wuta, amma idan aka bar 'yar tazara kamar taki ɗaya na hannu a ƙasan waya, zomo da bushiya da kurege za su ci gaba da bin hanyoyinsu. Idan gonar tana da faɗi ƙwarai, gara a raba ta gida-gida a bar hanya a tsakani domin mutane da dabbobi.

Saura zancen ƙura. Duk wanda ya ga mota bayan kwana biyu na hunturu ya san abin da buji zai yi wa allo. Wanke dubban alluna yana cin ruwa, kuma bai kamata tasha ta zo ta yi kishiya da rijiyar gari ba. A Bhadla an koma amfani da na'urori masu share ƙura da burushi ba tare da ruwa ba. Inda kuwa za a yi wanki, a yi da ruwa zalla ba sabulu, domin ya zama ban-ruwa ga ciyawar da ke ƙasa. Ita kanta ciyawar tana rage ƙurar da ke tashi daga cikin gonar.

WA ZAI SA A YI?

Babu amfani a ɓoye cewa irin wannan tsari ya fi tsada da farko. Dogon ƙarfe ya fi gajere kuɗi, ba da tazara tsakanin layuka yana nufin ƙarin fili da ƙarin waya, irin ciyawa 'yar gida kuma sai an tara shi an yi renonsa shekara biyu ko uku kafin ya kama. Ɗan kasuwa kuwa, idan ba a tilasta masa ba, hanyar da ta fi sauƙi zai bi. Shi ya sa ƙasashen da suka yi nisa suka mayar da abin doka. Tun 2013 ƙasar Japan ta yarda a kafa alluna a kan gona bisa sharaɗin cewa amfanin gonar ba zai gaza kashi 80 cikin ɗari na abin da ake samu a yankin ba. Faransa kuma a 2024 ta sa nata ma'aunin a kashi 90.

A nan ƙasar, igiyar tana hannun jihohi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna a matsayin amana, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu. Ga kuma doka mai lamba 86 ta 1992, wadda ta wajabta a binciki illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Saboda haka babu abin da zai hana jiha ta rubuta sharuɗɗanta a jikin takardar ba da fili: a auna lafiyar ƙasa kafin a fara aiki a kuma riƙa aunawa bayan kowaɗanne 'yan shekaru; kada a kankare ƙasar sama; a ɗaga alluna yadda tunkiya za ta wuce; a ba mutanen garin da aka karɓi filinsu fifiko wajen kiwo da noma a ciki; kamfani kuma ya ajiye kuɗin kwance ƙarafa da kwashe tsofaffin alluna tun daga ranar farko, domin kada bayan shekara talatin a wayi gari da juji.

Masu unguwanni da dagatai da hakimai, da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya, su ma suna da abin faɗa, domin su ne suka san inda ruwa ke bi da damina, da inda burtali ya ratsa, da itacen da gari ke ci daga jikinsa. Lokacin yin wannan magana shi ne sa'ad da masu safiyo suka iso da ma'auninsu. Idan aka jira har katafila ta sauka daga kan babbar mota, to, an makara.

Muna bukatar wutar lantarki, kuma bukata ce ta gaggawa. Muna kuma bukatar ƙasar da za ta ci gaba da ciyar da jama'ar da kullum ƙaruwa take yi. Abin da aka gani a Talatan da Heggelbach da Minesota ya nuna ana iya samun duka biyu a fili ɗaya, muddin an yi zanen tun ran gini. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari tun ƙasa tana da sauran albarkarta, amin.